Ruwan da Na Nema wa Asabe

Da ana mayar da magana cikin baki, da na mayar da wadda na yi a farfajiyar ɗakin shan magani na ƙauyenmu, can ƙasar Gwiwa, ranar da jami'an lafiya suka zo zagayen dubawa. Maganar ba ta da tsawo, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma ita ce ta kai ni Damagaram da marar lafiya a hannu, ita ce kuma ta ci rabin ƙafar matata.

Sunanta Asabe. 'Yar kawuna ce, don haka tun kafin aure akwai wasan taubasantaka tsakaninmu, tsufa kuma bai kashe shi ba. Tana da ciwon suga da hawan jini. Shekara da shekaru mai kula da ita ita ce Sista Binta, ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo da muke da ita a garin. Likita ya taɓa rubuta wa Asabe magani a babban asibitin da ake tura mu, daga nan Sista ta ɗora. Za ta auna ta, in magani ya ƙare ta rubuta a sayo, in suga ya hau ta ƙara, in ya sauka ta rage. Haka take yi wa duk tsofaffin garin. Ni ne shugaban kwamitin ɗakin shan maganin. Ba ilimi ya ba ni kujerar ba, iyakata firamare. Furfura ce, da kuma na taɓa tuƙa motar ƙaramar hukuma, na san manya.

Wata rana yayan Asabe, Alhaji Bala, ya zo daga Kazaure da iyalinsa. Babban ma'aikaci ne, kuma tun muna yara yake mini kallon ɗan ƙauye. Ana cikin hira jiri ya kwashi Asabe. A wajenmu, in mutum ya kwanta ciwo ba a rataya masa ruwa ba, to ba a yi masa komai ba. Masu dubiya ledar ruwan suke fara kallo kafin su kalli fuskar marar lafiya, da ita ake gane ko maigida ya tsaya wa iyalinsa. Na aika aka kira Sista, na ce ta rataya ruwa.

Ta auna ta, ta ce, "Baba, ba ruwa take buƙata ba. Jininta ne ya hau. In na ƙara mata ruwa cutar da ita zan yi."

Na ce, "Ni zan biya."

"Ba maganar kuɗi ba ce, Baba."

Alhaji Bala ya gyara hularsa ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ashe shugaban kwamiti ma ba a jin maganarsa."

Sista ta ba da ƙwaya, Asabe ta tashi garau da yamma. Ni kuwa dariyar nan ta zauna mini a ƙirji. Da jami'ai suka zo suka tambaye ni ko akwai matsala, sai na ce, "Yarinyar nan fa magani take rubutawa kamar likita." Allah Ya sani, so nake a tsawata mata a gabana, shi ke nan. Ban san akwai ƙa'ida mai ƙarfi a kan hakan ba. Aka kira ta ofis. Ta dawo da umarni: ta auna, ta wanke miki, ta yi rigakafi, ta karɓi haihuwa, amma maganin suga da na hawan jini sai likita ya gani ya rubuta da hannunsa.

Likitan kuwa yana nesa, kuma shi kaɗai ne a kan jama'a mai yawan gaske. Mu hau babur mu je, mu wuni a layi, wani lokaci a ce ya shiga tiyata, a dawo wani mako. Muka fara tsallake wata. Magani ya ƙare muka ce bari a gama girbi. A cikin girbin nan kara ya soki Asabe a babban yatsan ƙafa, ba ta ma ji ba. Mikin ya ƙi warkewa. Sista tana wankewa kullum tana cewa, "Baba, ku koma wurin likita, sugan ne ya hana shi kamewa, ni kuma an ɗaure mini hannu." Ba ta taɓa cewa wa ya ɗaure ba. Da muka samu ganin likita, ya duba ya ce wataƙila sai an cire yatsan. Kalmar nan ta firgita ni. A kasuwar Babura na haɗu da wani mutum, Ilu, mai shiga da fice tsakanin nan da Nijar, ya ce a Damagaram akwai babban likita da ke warkar da irin wannan miki ba tare da wuƙa ba. Na sayar da san da nake huɗa da shi.

Ba zan tsaya kan yadda muka bar gida ba. A Magarya na fara sanin mun fita daga ƙasarmu. Hausa ɗaya muke yi da mutanen, amma jandarma, wato ɗan sandan hanya na can, ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya kamar bai taɓa ganin irinsa ba, ya ce mu sauko daga mota. Rana ta take. Asabe ba ta iya tsayuwa, ta dafa ni, ƙafar naɗe da tsumma, ƙudaje suna bi.

Ya ce, "'Yan Najeriya, ku da kuke da manyan asibitoci, me kuka zo nema wajen talakawa?"

Asabe ta nuna ni ta ce, "Tambayi direban. Ni kaya ce, ɗauko ni aka yi."

Ya yi dariya ya miƙo katin, amma kafin nan motarmu ta tafi ta bar mu, da buhun garinmu a kanta. Wata mai fura a bakin titi ta tashi daga kujerarta ta ba Asabe, ita ta zauna a ƙasa. Ta dama mata fura, da ta ji ciwon suga ne ta mayar da cokalin sukarin cikin gwangwani ba tare da an ce mata komai ba. Na miƙa kuɗi ta ture hannuna. Ban tambayi sunanta ba, har yau abin yana damuna.

Da muka samu wata mota muka ƙarasa, Ilu ya tare mu a tashar Damagaram da fara'a kamar ɗan uwa. Shi ya canza mini kuɗi zuwa sefa, kuɗin Nijar. Na ba shi damin naira ya ba ni 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba, ya ce haka canji yake yanzu, ni kuma ban san wanda zan tambaya ba. Ya sama mana ɗaki a gidan wani tsohon baduku, Malam Mamman, a wani lungu da warin jimar fata ya kama. Sannan ya kai mu wurin babban likitan.

Gida ne mai fenti fari, ba allo a ƙofa. Mutumin yana da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya, yana jefa Faransanci cikin magana. Bai kwance tsumman ƙafar duka ba, ya leƙa kawai ya ce, "An yi sakaci, amma kun zo wurin da ya dace." Nan take ya sa aka rataya mata ruwa. Ina faɗa muku gaskiya, da na ga ledar nan tana lilo a jikin ƙusa, sanyi na ji a raina. Na ce yau ga aiki. Har na roƙi wani ya ɗauki hoto da wayata na aika wa Alhaji Bala.

Kullum ruwa. Yau fari, gobe rawaya, jibi mai ja-ja. Kullum kuma sai an biya kafin a soka allurar. Ba wanda ya huda mata yatsa ya auna suga ko sau ɗaya, ni kuma ban tambaya ba, don ban saba lura da cewa Sista tana yin hakan ba sai da na daina ganin ana yi. Fuskar Asabe ta kumbura, ƙafafunta suka yi suntum. Ƙishirwa ta hana ta sakat. Warin mikin ya fi ƙarfin warin jima.

Wata rana tana kwance tana kallon ledar ta ce, "Malam, ga ruwa ka samu. Kala-kala ma."

Na ce, "Ki yi shiru, magani ne."

"Na yi shiru. Ai tun a gida nake yin shiru."

Ban gane inda ta dosa ba a lokacin, ko kuma ban so in gane ba.

Kewar gida ta fi kama ni da la'asar, in na zauna a ƙofar Malam Mamman yana ɗinkin fata. Sai in tuna yanzu ana can ana sussuka, shanun Fulani sun fara shiga gonaki cin kara, jikokina suna rigima a kan wa zai kai mini buta. A nan ba wanda ya san ni shugaban wani abu ne. Sunana Ɗan Najeriya. Matar Malam Mamman takan aiko mana da tuwo ba mu roƙa ba, kwanon kuma kullum ta ce ai ragowa ne, alhali da zafinsa yake zuwa.

Malam Mamman ne ya gaya mini gaskiya. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce, "Baƙona, ni ba na shiga abin da ba ruwana. Amma mutumin nan da kuke zuwa wurinsa, a sanina shara yake yi a wani kantin magani kafin ya sayi farar riga. Ilu kuma yana da kasonsa a kan kowace leda."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba?"

"Ka shigo kana yabonsa kamar surukinka. Wa zai tare ka?"

Na nemi Ilu, waya a kashe. Na je gidan mai farin fenti na ɗaga murya, wasu ƙarti biyu suka raka ni waje da ladabi. Kuɗin san da na sayar kuma ya ƙare. Na ce wa Asabe mu koma gida, in mutuwa ce ta same mu a ɗakinmu.

Ba mu yi nisa da barin Damagaram ba ta fara magana ba kai, sannan ta yi luf a kafaɗata. Fasinjoji suka yi ta salati. Direba ya tsaya a wani ƙaramin gari da ban taɓa jin sunansa ba, ya ce, "Akwai majo a nan, ku sauka." Majo shi ne abin da suke kiran ma'aikacin jinya da ke riƙe da ɗakin shan magani. Na ce a raina, na baro nas a gida, na ƙetare iyaka, na ƙare a hannun nas.

Sunansa Isufu, siriri ne, silifas a ƙafarsa. Ginin bai kai namu na gida kyau ba. Ya huda mata yatsa, ya kalli na'urar ya yi tsaki. Ya yi mata allurar suga, ya sa mata ruwa shi ma, amma ya zauna kusa yana aunawa yana rage gudunsa, ya ce wannan na yau ne kawai don jikinta ya bushe ta ciki. Ya rubuta magunguna da hannunsa ya ba ni in karɓo a taga ta gaba.

Na tsaya da takardar a hannu na ce, "Kai kake rubutawa? Ba sai likita ba?"

Ya ce, "Baba, in na jira likita a nan, rabin garin nan sun mutu. Akwai abin da aka yarda in yi, akwai wanda ba a yarda ba. Wannan an yarda."

Da Asabe ta farfaɗo, ya kwance ƙafar gaba ɗaya. Ban iya kallo ba. Yatsu uku sun yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Ya ce wannan kam ya fi ƙarfinsa, aikin likitan tiyata ne, kuma ba a jira. Ya buga waya babban asibiti na Damagaram ya yi magana da wani, ya rubuta mana takardar turawa. Yana naɗe ƙafar ya tambaye ta:

"Inna, a da wa yake kula da sugan nan? Ga alama an daɗe ana riƙe da shi da kyau, in ba haka ba da tuni ya taɓa idanunki."

Ta ce, "Wata yarinya ce a garinmu, Sista Binta."

"To me ya sa kuka bar ta?"

"Ba mu bar ta ba, ɗana. Hana ta aka yi." Ta juyo da kai ta dube ni. "Ga shugaban kwamiti nan, shi ya san yadda aka yi."

Ashe ta sani. Tun ranar da abin ya faru, wasu mata suka kai mata labari a gidan suna. Ta hau babur da ni zuwa layin asibiti, ta bi ni har ƙasar wasu, ta kwanta aka ɗura mata ruwa kala-kala, ba ta ce mini uffan ba. Isufu ya ci gaba da naɗinsa. Na fita na zauna a gindin wata bishiyar bedi, na rasa inda zan sa fuskata.

A nan na kira Alhaji Bala. Na shirya jin dariyarsa, amma bai yi ba. Ya ce, "Tana numfashi?" Na ce tana yi. Ya ce, "To ka tsaya kusa da ita, zan aiko da kuɗi ta hannun wani ɗan kasuwa." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muka koma Damagaram. Likitan tiyata ya cire gaban ƙafar, ya bar mata dunduniya. Ya ce da yatsa ɗaya ne zai tafi in da an zo da wuri. Wato abin da likitanmu na gida ya faɗa, wanda na guje wa. Muka sake sauka a gidan Malam Mamman har mikin ya kame, wannan karon ya ƙi karɓar kuɗin ɗaki. Ni kuma da safe sai in tafi tasha in taya direbobi ɗaure kaya, da furfurata, don mu samu na cefane. Yaran tasha suna ce mini Tsoho Mai Naira. Na daina jin haushi.

Ana gobe za mu tafi, Malam Mamman ya fito da takalmi ƙafa ɗaya na jar fata. Ashe matarsa ta auna masa ƙafar da zare. Ya cusa auduga a gaban ya ɗinke, yadda in ta sa ba mai cewa babu yatsu a ciki. Asabe ta sa, ta taka a hankali ta dafa bango, ta ce, "Malam, ka ga baduku ya mayar mini da abin da direba ya zubar a hanya." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ba ni da abin da zan yi.

Da muka dawo gida, kafin in huta na tafi ofishin lafiya. Na ce na zo janye maganata. Jami'in ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Baba, ai ba ƙarya ka yi ba. Ƙa'ida ce, ba mu muka kafa ta ba. A da mun kau da kai ne saboda mun san babu likita a wajenku. Amma tunda shugaban kwamiti ya faɗa a gaban jama'a, aka rubuta, ba mu da yadda za mu yi." Na ce to a canza ƙa'idar. Ya ce wannan sai can sama. Na tambaye shi ina ne saman, ya yi murmushi kawai.

Na je wurin Sista Binta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ya wuce, Baba. Kawo Inna in ga ƙafar." Har yau ita take duba dungun, ta shafa mai, ta auna suga. In ya hau sai ta ce, "Ya hau, ku je wurin likita." Ta san abin da za ta rubuta, alƙalami yana aljihunta, ba ta isa ta ciro shi ba.

Na ajiye shugabancin kwamiti. Yanzu duk wata nakan ɗora Asabe a babur, takalmin jar fata a ƙafarta, mu tafi layi. Ba mu tsallake ko wata ɗaya ba tun da muka dawo. Abin da ya fi yi mini nauyi ba hanyar ba ce. In mun isa, sai in tarar da tsofaffin garinmu a kan benci, waɗanda a da suke takawa da ƙafa su karɓi maganinsu su koma gona. Wasu kuma ba na ganinsu a layin, don ba su da kuɗin babur, kuma na san abin da ke cin su a gida. Waɗanda suka zo, da sun hango ni sai su matsa su ba ni wuri, su ce, "Sannu da zuwa, Malam, zauna nan." Ba wanda ya taɓa ce mini komai.

Ban san ko ƙa'idar nan za ta canza ina raye ba. Masu ilimi su ne za su ce ina ya kamata iyakar aikin nas ta tsaya, ni dai na ga garin da aka sakar wa majo hannu kaɗan, na ga kuma namu. Roƙona ga wanda ya karanta wannan, in kuna da mutum ɗaya a garinku da ke riƙe da lafiyar tsofaffinku, ya ce muku a'a a gaban baƙi, ku haɗiye. Kada ku kai ƙararsa don an yi muku dariya. Ni na kai, kuma kullum da safe ni nake ɗaura wa Asabe takalmin nan.